Biri Ya Yi Kama Da Mutum, Amma Kamar Ba Ta Cece Shi Ba

Goggon birin tsauni, wanda ke zaune a duwatsun Birunga da dajin Bwindi, tsakanin Ruwanda da Yuganda da Kongo, yana cikin dabbobin da suka fi kusa da ɗan Adam. Kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa irin namu ne. Macen kan yi goyon ciki wata takwas da rabi, ta shayar da ɗanta kimanin shekara uku, kuma kowane ɗaya yana da zanen hanci nasa na kansa. Sai dai tarihi ya nuna wannan kamanni bai taɓa zame masa garkuwa ba. A 1902 hafsan Jamus Robert von Beringe ya harbe guda biyu a dutsen Sabyinyo, kuma ta gawa masanan Turai suka fara saninsa. An kafa gandun Albert a 1925, Dian Fossey ta buɗe sansanin Karisoke a 1967 ta bayyana wa duniya zamansu na iyali, amma zuwa 1981 waɗanda suka rage a Birunga ba su wuce kimanin 250 ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka juya akalar shi ne bai wa maƙwabtan daji rabonsu. Daga 2005 Ruwanda ta fara ware wa ƙauyukan gefen gandu kashi 5 na kuɗin yawon buɗe ido, ta mayar da shi kashi 10 a 2017. A 2005 ɗin ne kuma aka fara bikin Kwita Izina, inda ake raɗa wa jariran birai suna. Zuwa 2018 adadinsu a Birunga da Bwindi gaba ɗaya ya haura dubu.

Wani zai ce kamannin ne ke sa baƙo ya biya dala 1,500 a Ruwanda don ya gan su. Gaskiya ne, amma kuɗin da bai isa ƙauye ba ba ya hana ɗana tarko, kuma kusancin jini ne ke sa murar mutum ta iya kashe su. Wani kuma zai ce ina ruwan manomin Najeriya da biri alhali yana fama da rikicin gona da kiwo. Amsar tana kudu da Binuwai. A ƙasar Boki ta Jihar Kuros Riba akwai ɗan uwan wannan biri, wanda duk jinsinsa a Najeriya da Kamaru bai wuce 300 ba. A duwatsun Mbe ƙauyuka tara ne suka haɗa ƙungiya suna gadin dajinsu, har a 2020 na'urar ɗaukar hoto ta kama garke ɗauke da jarirai. Dajin da ke kare biri shi ke riƙe ƙasa da ruwan rafi, kuma ba ya ɗorewa sai masu zama a bakinsa sun ci moriyar tsayuwarsa.