Takardun da ake buƙata kafin buɗe kamfanin gine-gine a Nijar

Ƙwarewa a aikin gini kaɗai ba ta isa mutum ya samu kwangilar gwamnati a Jamhuriyar Nijar ba. Sau da dama ana watsi da tayin ɗan kwangila tun ba a dubi farashinsa ba, saboda takarda ɗaya ta ɓace ko wa'adinta ya ƙare.

Matakin farko shi ne rajistar kasuwanci, wato RCCM. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Port-Louis a 1993, don haka dokar rajistar ɗaya ce da ta Chadi, Kamaru da Benin. Mutum na iya yin rajista da sunansa shi kaɗai, ko ya kafa kamfani irin SARL ko SA. Sai lambar haraji, NIF, daga hukumar DGI, da kuma rajista a asusun CNSS domin ma'aikata. A Yamai, ofishin Maison de l'Entreprise ne ke haɗa waɗannan matakai wuri guda.

Waɗannan kowane ɗan kasuwa na da su. Abin da ya keɓanta da masu gini shi ne takardar amincewa, agrément, wadda ma'aikatar da aikin ya shafa ke bayarwa. Ana raba kamfanoni rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu: injiniyoyi da ƙwararrun da suka ɗauka aiki, kayan aikin da suka mallaka, da ayyukan da suka taɓa yi. Takardar kuma tana bin fanni, don wanda aka amince masa a ginin gidaje ba lallai ya iya neman aikin haƙar rijiyoyin burtsatse ba. Shi ya sa sanarwar neman tayi kan faɗi rukuni da fannin da ake so. Ƙaramin kamfani da bai kai ba yana iya haɗa gwiwa da wani su nema tare, ko ya karɓi wani ɓangare na aikin daga hannun wanda ya ci kwangilar.

A lokacin ajiye tayi akan nemi ARF, shaidar cewa kamfani ba ya da bashin haraji, da shaidar CNSS, da takardar kotu mai nuna bai karye ba, galibi da lamunin banki. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe, domin waɗannan shaidu wa'adinsu gajere ne. Wanda ya ga an ware shi ba bisa ƙa'ida ba, zai fara kai kuka ga hukumar da ta ba da aikin, sannan ga ARCOP, wadda a da ake kira ARMP.

Ga 'yan kwangilar Kano ko Katsina masu hangen aiki a Maraɗi da Damagaram, rajistar CAC ta Najeriya ba ta maye gurbin RCCM, don Najeriya ba ta cikin OHADA. Suna iya buɗe reshe, amma dokar kamfanoni ta OHADA ta ce a mayar da reshen baƙon kamfani ƙarƙashin kamfanin da ke cikin ƙasashen ƙungiyar kafin cikar shekara 2, sai dai in minista ya ɗaga ƙafa.

Duk wannan daban yake da izinin gini, wanda mai fili ke nema daga ofishin magajin gari kafin a fara tona tushe.