Fim Marar Murya da Harshen da Ya Rasa Masu Kallonsa

Ta yaya za a jingina wa wani harshe fim ɗin da ba a jin magana a cikinsa? Fina-finan farko na Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, sun amsa wannan tambaya ta hanyoyi uku: labaran daga wasannin kwaikwayo da adabin harshen aka ɗauko su, 'yan wasan daga dandamalinsa suka fito, kuma saboda masu jin harshen aka shirya su.

Harkar ta soma a Warso wajajen 1911, lokacin birnin yana ƙarƙashin daular Rasha. Ƙananan kamfanoni suka riƙa ɗaukar wasannin Jacob Gordin, irin su Mirele Efros na 1912, wanda Ester Rachel Kaminska ta fito a ciki. Kusan duk fina-finan wancan zango sun salwanta.

Dalilan salwantar biyu ne. Na farko, zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kamawa da wuta, mai ruɓewa idan ya daɗe a ajiye. Wannan cuta ba ta bar kowa ba: rahoton Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun ɓace. Dalili na biyu ya keɓanta ga Yidish. Kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi ya hallaka Yahudawa miliyan 6, akasarinsu masu wannan harshe, wato mutanen da za su nemi fina-finan su adana. A Tarayyar Sobiyat ma, Isaac Babel, wanda ya rubuta bayanan da ke fitowa a allo a fim ɗin Yidishe Glikn na 1925, an harbe shi a 1940, jarumin fim ɗin kuwa, Solomon Mikhoels, an kashe shi a 1948.

Abin da ya tsira, sau da yawa ta ɓarauniyar hanya ya tsira. A 1924 Zygmunt Turkow ya shirya Tkies Kaf a Warso. Bayan zuwan sauti, George Roland ya yanyanka shi a New York a 1933, ya ɗora masa muryar mai ba da labari, domin a sake cin kasuwarsa. Asalin fim ɗin ya ɓace. Ta wannan kwaskwarima ce ake ganinsa yau.

Aikin ceto na sosai ya fara a 1976, da aka kafa Cibiyar Fina-finan Yahudawa ta Ƙasa, wadda ke Jami'ar Brandeis a Amurka, da tarin fina-finan da furodusa Joseph Seiden ya bari. Masu gyara suna kwatanta kwafe-kwafen da suka warwatsu a ƙasashe, su cike giɓin wannan da wancan, su mayar da hoton kan zare mai ƙarko, sannan su ƙara fassara, domin yawancin masu kallo na yanzu ba sa jin Yidish.