Ƙarar Tayar da Mota a Lokacin Sanyi: Nazarin Tushenta a Giya Mai Kuloci Biyu

Tsakure

Masu motocin da ke da giya mai kuloci biyu sukan koka da wata ƙara da ke fitowa idan an tayar da inji da sassafe cikin sanyi, kuma sau da yawa akan yanke wa akwatin giya hukunci tun kafin a bincika. Wannan maƙala ta bi ƙirar giyar DSG ta kamfanin Volkswagen, nau'in DQ200 da DQ250, tare da waiwayar PowerShift ta Ford, domin nuna cewa lokacin da ƙarar ta fara, da tsawon da ta ɗauka, da abin da ke sauya ta, sun fi ƙarfinta nuna inda take fitowa. Matsayar maƙalar ita ce haƙoran giya su ne na ƙarshe da ya kamata a zarga.

Gabatarwa

Injiniyan Faransa Adolphe Kégresse ne ya zana tsarin wannan giya tun a shekarun 1930, Porsche ta gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, amma sai a 2003 ta shiga kasuwa sosai, lokacin da Volkswagen ta sa DQ250 mai giya shida a motar Golf R32. Asalinta giyar hannu ce guda biyu a cikin akwati ɗaya. Kuloci ɗaya na kula da giya ta 1 da 3 da 5, ɗayan na kula da ta 2 da 4 da 6, kwamfuta kuma ta karɓi aikin ƙafa da hannun direba. A DQ250 kulocin biyu suna cikin mai, injin mota ne ke juya famfon man. A DQ200 mai giya bakwai, wadda ta fito a 2008 domin ƙananan injuna, kulocin busassu ne, kuma famfon lantarki ne ke tara matsin da ke motsa su. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk binciken, domin kowane nau'i da irin muryar da yake yi da safe.

Matsalar ta fi tsanani a Turai da Arewacin Amurka, inda zafi kan sauka ƙasa da sifiri, amma motocin da aka yi wa can su ne ke isowa Kano da Kaduna da Maraɗi a matsayin 'yan Beljiyam bayan sun yi dogon zango, kuma sanyin asubar hunturu ya isa ya fito da lahanin da zafin rana ke ɓoyewa. Sauke giya aiki ne mai tsada, kuskuren hukunci kuma kan mai mota yake ƙarewa.

Abin da ke juyawa a daƙiƙun farko

Tambayar farko ita ce, mene ne ke motsi a cikin akwatin a lokacin da ake jin ƙarar? A giyar hannu, idan mota na firi kuma direba ya ɗage ƙafa daga kuloci, sandar shiga giya na juyawa tare da inji, haƙoran da ba su ɗauke da nauyi suna karo da juna. Daga nan bakanike ya gaji tunanin cewa ƙarar da ke fitowa ta wajen giya ta haƙora ce. A giya mai kuloci biyu lamarin ba haka yake ba. Idan mota na P ko N, kulocin biyu a buɗe suke. Na DQ200 ma an ƙera su ne a buɗe, sai an tura su da matsi suke kamawa, akasin na giyar hannu. Saboda haka a daƙiƙun farko inji bai haɗu da haƙoran ba. Abin da ke juyawa shi ne fulawil, da gidan kuloci, da boris ɗinsa, sai famfon mai a nau'in jiƙaƙƙe, inda kaurin man sanyi kan ɗan ja sandar shiga.

Shaida ta biyu tana cikin halin mai. Kwarankwatsar haƙoran da ba su ɗauke da nauyi takan ƙaru ne idan mai ya yi zafi ya tsinke, domin mai mai kauri na cika ratar da ke tsakanin haƙora yana rage karo. Idan kuwa haka ne, ƙarar da ke da ƙarfi cikin sanyi, tana raguwa idan mota ta ɗumama, ta saba da halin wannan kwarankwatsa. Wannan hujja kaɗai ta isa ta sa mai bincike ya juya ya dubi abin da ke tsakanin inji da giya.

A nan fulawil mai faifai biyu yake, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985. Inji ba ya juyawa sumul. Mai silinda huɗu yana fashewa sau biyu a kowane zagaye, wato a silo na zagaye 800 a minti yana bugu kusan sau 27 a daƙiƙa. Giyar otomatik ta gargajiya na shanye wannan bugu a cikin ruwan kwanbata, amma giya mai kuloci biyu ba ta da kwanbata, aikin ya koma kan fulawil. An raba shi gida biyu, an haɗa su da lanƙwasassun sifirin da ke kwance cikin giris. Masu ƙira sun saita shi yadda gudun da yake fi girgiza a kansa ya faɗo ƙasa da silo, domin kada direba ya gamu da shi yana tafiya. Sai dai duk injin da za a tayar dole ya ratsa ta wannan gudu, haka ma idan an kashe shi. Sanyi na tsawaita ratsawar ta hanyoyi da dama lokaci guda: baƙin mai ya yi kauri, giris ɗin cikin fulawil ya daskare, batir ya rage ƙarfi, abin da ya sa ake auna ƙarfin tayarwarsa a digiri 18 ƙasa da sifiri. Kik ya yi nauyi, inji ya daɗe a wurin da bai kamata ya daɗe ba, faifan biyu su riƙa bugun iyakarsu. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a sauya fulawil, ko a sauke giya gaba ɗaya, alhali batir ne ya tsufa, kuma sabon fulawil ɗin zai bi sahun tsohon muddin ba a gyara tayarwar ba.

Inji ma yana ƙara nasa. A minti na farko kwamfutar injin fetur na ɗaga silo sama da zagaye 1,000 tana jinkirta wutar fulogi da gangan, domin hayaƙi mai zafi ya ɗumama matatar hayaƙi da wuri. Ƙonewa a wannan hali ba ta daidaita kamar ta injin da ya ɗumama, kuma fulawil da haƙoran da suka haɗa shi da gidan kuloci su ke karɓar rashin daidaiton. Idan fulogi ko kwayil ɗaya ya yi rauni, abin ya ninka.

Lokaci a matsayin shaida

Idan an yarda da abin da ya gabata, bincike ya zama bin tsarin lokaci. Ƙarar da ta fito kafin inji ya juya, da an kunna makulli ko ma da an buɗe ƙofa a wasu motoci, ba ta da alaƙa da inji. A DQ200 famfon lantarki ne ke cika ma'ajiyar matsi, wadda ke aiki tsakanin kusan bar 40 zuwa 60, a PowerShift busasshiya kuma ƙananan injunan lantarki ne ke daidaita matsayinsu. Ɗan gajeren kuka sannan shiru, wannan lafiya ce. Abin damuwa shi ne famfo ya riƙa tashi a kai a kai ko ya ƙi tsayawa, domin matsi na zurarewa ke nan, kuma tsagewar mazaunin ma'ajiyar sananniyar cuta ce a wannan giya, wadda kwamfuta kan rubuta da lamba P17BF ko P189C.

Kwarankwatsar daƙiƙa ɗaya zuwa uku bayan inji ya kama tana da masu laifi biyu, kuma raba su yana da muhimmanci. Fulawil yakan maimaita ƙararsa lokacin kashe inji, tunda ana sake ratsa gudun girgizarsa, kuma ana jinta ta mahaɗar inji da giya. Sarƙar taimin kuwa ba ta yin ƙara a kashewa, tana yi ne bayan mota ta kwana, kafin matsin baƙin mai ya cika abin da ke ɗaure ta, kuma galibi ta ɗaya ɓangaren injin take fitowa. Injunan TSI masu lita 1.2 da 1.4 na zuriyar EA111 sun yi suna da wannan lahani, suna kuma cikin waɗanda aka fi haɗawa da DQ200, don haka giyar ta sha ɗaukar laifin sarƙa. Kuskuren nan ya fi kowane haɗari, domin sarƙar da ta tsallake haƙori na iya haɗa fistin da bawul.

Ƙarar da ta lafa daidai lokacin da silo ya sauko tana nuni ga ɗumama matatar hayaƙi. Siririn kuka mai bin totur a DQ250, yana dushewa bayan mintuna, na famfo ne da ke jan mai mai kauri, kuma yana tilasta a duba ko man ya ragu ko ya wuce wa'adinsa na kilomita 60,000. Awon ma da sharaɗinsa: sai man na tsakanin digiri 35 zuwa 45. Sai idan ƙarar ta bayyana ko ta sauya da an sa D ko R, ko ta bi gudun taya, ko ta tsaya kan giya masu mara kaɗai ko masu cika kaɗai, sannan zargi ya halatta ya shiga cikin akwatin.

Suka da amsa

Mai suka zai ce ruwa ba ya tsami banza, kuma tarihin waɗannan giyoyi bai ba su damar a kyautata musu zato ba. Gaskiya ne. A Maris 2013 Volkswagen ta janye motoci sama da 380,000 a Sin saboda DQ200, a Nuwamba na shekarar kuma ta kira kusan miliyan 1.6 a duniya domin sauya musu mai. PowerShift busasshiya ta Fiesta da Focus ta jawo wa Ford shari'o'i a Amurka. Amma a dubi yadda waɗannan lahani suka bayyana: kakkarwa lokacin ɗagawa, da yankewar ja ana cikin tafiya, da man da ke ɗiga daga oyil sil yana ɓata kuloci busasshe. Matsalar man Volkswagen ma an danganta ta da yanayin zafi da laima da cunkoson gari. Duk alamu ne na mota mai tafiya ko mai zafi. Ɗaukar su a matsayin hujja kan ƙarar motar da ke tsaye a P cikin sanyi haɗa abubuwa biyu ne da ba su da tushe ɗaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana iya cewa kiran wata ƙara "lafiya" shi ne ainihin bakin da dillalai ke sallamar masu ƙorafi da shi. Wannan tsoro yana da dalili, domin a 2018 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ta bi da koken PowerShift, ciki har da gaya wa masu mota cewa salon tuƙinsu ne sanadi. Amsar ita ce hanyar da aka bayyana a nan ba ta neman kowa ya yarda da baki. Kowace ƙara an ba ta iyaka da za a iya aunawa: daƙiƙa nawa, a wane mataki, tana ƙaruwa daga mako zuwa mako ko tana nan yadda take. Mai motar da ya naɗi sautin a waya da safe, tare da zafin garin da matsayin giya, ya fi wanda ya zo da "tana ƙara" ƙarfin hujja a gaban dillali, musamman tunda kafin ya isa gareji motar ta riga ta ɗumama ta yi shiru. Dalilin da ya sa ya wajaba motar ta kwana a gareji ke nan, a tayar da ita gaban bakanike.

Wasu kuma na ganin na'urar karanta kwamfuta ta raba gardama. Na'urar na da amfani ƙwarai wajen nuna matsi, da zafin mai, da yawan cin kuloci, da silindar da ke fashin wuta. Amma fulawil ba shi da na'urar da ke kai rahotonsa kai tsaye, haka sifirin da ya gaji ko boris da ya bushe, kuma sarƙa na iya yin ƙara na tsawon lokaci kafin ta miƙe har kwamfuta ta lura. Rashin lambar kuskure ba ya wanke waɗannan sassa, kasancewar wata tsohuwar lamba a ƙwaƙwalwar giya kuma ba ya tabbatar da cewa ita ce tushen ƙarar. Batir mai rauni kan bar lambobin ƙarancin wuta a kwamfutoci da dama lokaci guda, ciki har da ta giya, saboda haka auna batir da saurin kik ya kamata ya riga fassara kowace lamba.