An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarihin Suturar Matanmu Daga Zane Zuwa Hijabi



Akwai wata fitowa da ta yi yawa a labaran da muke rubutawa. Budurwa ta fito unguwa da ɗan gyale a kafaɗa, samarin majalisa suka bi ta da fito da baƙar magana, wani ma ya kai hannu. Sai marubuci ya dakatar da labari ya hau mumbari, ya ce shigarta ce ta ja mata. A babi na gaba ta tuba ta sa hijabi har ƙasa, daga nan babu wanda ya ƙara ɗaga ido ya dube ta. Wasunmu kuma in za su rubuta labarin zamanin da, sai su sa wa kakar kakarsu hijabi da safa tana daka a tsakar gida a shekarar 1920, wai don a nuna lokacin da duniya take kwance.

Duka biyun sun ci karo da tarihi. Bari mu duba daga nan gida, yankinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan, mu ga yadda suturar mata ta riƙa canzawa, da abin da ya canza ta, da kuma abin da ya ƙi canzawa.

Muna da shaida daga maƙwabta. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta yi zama a Zarewa da ke ƙasar Rogo, iyakar Kano da Zazzau, sannan ta ƙare rayuwarta a Giwa. A can ne Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Duniyar da Baba ta taso a ciki duniyar zane ce. Mace ta ɗaura zanen saƙi a ƙirji, ta ɗaura kallabi, in za ta fita kuma tana da hali ta yafa wani zanen. Tufa tana da tsada, domin sai an noma auduga, mata sun kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina. Saboda haka yawan zanen da ke jikin mace ya fi nuna arzikin gidansu. Baiwa da ke noma a rinji ba ta da lulluɓi, ba ta da kulle. Matar malami da ta attajiri su ne a cikin gida.

Mene ne abin tsoron mace a wancan zamani? Baba ta ba da labarin mahara da ke faɗa wa ƙauyuka, da yadda aka kama mata daga danginta sai da aka biya fansa da wuri kafin su dawo. Maharin bai tsaya duba ko ta yafa zane ko ba ta yafa ba. Abin da ke kare mace shi ne ganuwar gari da ƙarfin dangi.

Idan muka ƙara ja da baya za mu tarar da Shehu Usman Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Gaskiya ne Shehu ya yi wa mata wa'azin su suturce jikinsu, ya soki cakuɗuwar maza da mata, har ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin fitar mata, wato Irshadul Ikhwan. Duk wanda ya ce sutura baƙon abu ce a koyarwar malamanmu bai faɗi daidai ba. Amma mu lura da inda ya fi nuna yatsa. Wajajen 1786 wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aika masa da waƙa yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma abin da amsar ta ƙunsa shi ne barin mata cikin jahilci ya fi fitarsu muni. A Nurul Albab mazaje da malamai ya kama da laifi, masu ajiye matansu da 'ya'yansu kamar kayan aikin gida ba tare da sun karantar da su ba. A Kitabul Farƙ kuwa, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan zamaninsa har da ɗaukar matan da suka ga dama ba tare da aure ba.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta riƙa naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ɗora musu malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata, su kuma jagoranci ayari zuwa wurinta. A nan sutura ta zama takardar izinin tafiya. Duk wanda ya ga malfar jaji ya san ya ga malama, sai ya kauce.

Bayan Turawa sun ci Zazzau a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, bauta ta fara sassautawa har aka soke ta gaba ɗaya a 1936. M. G. Smith, mijin Mary, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau, ya lura da wani abu: matan da suka fita daga bauta sun riƙa janye jiki daga noman gandu da ɗebo itace, domin zama a gida shi ne alamar 'ya mace mai 'yanci. Ya kuma kawo rabe-raben da mutane ke yi a lokacin, auren kulle da auren tsari da auren jahilai. Ke nan kulle ya yaɗu zuwa gidan talaka ne ta hanyar addini da kuma neman daraja a lokaci guda. Maguzawan yankinmu kuwa matansu sun ci gaba da riƙe fartanya da gayaunarsu.

Sai masaƙun zamani suka zo. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya, yadi ya yi sauƙi. Riga da zane da ɗankwali da gyale suka zama shigar mace mai kamun kai. Mu buɗe akwatin tsofaffin hotunan gidajenmu na shekarun 1960 da farkon 1970. Iyayenmu da ke ciki, matan limamai da na alƙalai, da gyale za mu gan su, kuma babu wanda ya kira su marasa tarbiyya.

Hijabin da muka sani yau, ɗinkakke mai zagaye fuska, ya fara bayyana ne a ƙarshen shekarun 1970, ya bazu a shekarun 1980. Abubuwa da dama suka haɗu. Kuɗin man fetur ya sa alhazan Najeriya suka haura dubu ɗari a 1977, hajiyoyi suka dawo da abin da suka gani a Makka. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fito da 'yan mata zuwa aji. An kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaikh Abubakar Gumi, aka buɗe Islamiyyun matan aure. Juyin juya halin Iran na 1979 ya yi tasiri a kan ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello. A 1985 mata suka kafa FOMWAN a Minna. Elisha Renne, wadda ta daɗe tana bincike a birnin Zariya, ta nuna yadda hijabi ya ba matan aure damar fita makaranta ba tare da an zarge su ba. Matar da a da sai dare ya yi take fita, ga ta da hantsi riƙe da jakar littattafai. Ta wannan fuska hijabi ya yi aikin da malfar jaji ta yi, kuma mata da yawa da kansu suka zaɓe shi. Kada marubucinmu ya ara bakin wasu ya ce duk mai hijabi ɗaure take.

Shekarar 2000 ta zo da zamanin Shari'a. A jiharmu, bayan rikicin watan Fabrairu na shekarar, gwamnatin Ahmed Mohammed Maƙarfi, ɗan yankinmu, ta fito da tsarin kotunan Shari'a a Nuwambar 2001. A Kano an yi dokar Hisba a 2003, a 2005 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku da har yau ake kira A Daidaita Sahu. A ƙetaren iyaka, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA a Nuwambar 2000 ta kai Maraɗi, inda fushin ya sauka a kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce: da ma in ruwa ya ɗauke, akan ba karuwai wa'adin su yi aure ko su bar gari, mazan da ke zuwa wurinsu kuwa su bi sahun masu roƙon ruwa.

Yanzu daga Furana har Hunƙuyi da wuya mu ga yarinya 'yar shekara biyar ta tafi aike babu hijabi. A tarihin ƙasar nan ba a taɓa rufe jikin mace kamar yau ba. To, an daina bin ta da fito? An daina matsa ta a motar haya ranar kasuwa? Mu tambayi 'yar tallan da ke zagaya tasha da farantin rake ko mazarƙwaila, wadda hijabinta ke jan ƙasa, abin da kunnenta ke ji daga bakin sa'o'in babanta.

A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka sanar da kama wani mutum a Kwanar Dangora, kan hanyar Zariya zuwa Kano, wanda ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda. Cikinsu har da tsohuwa 'yar shekara 80 da yara ƙanana, kuma cikin gidaje yake haurawa ya same su. Wace shiga ce ta ja musu? Kafin nan, a Fabrairun 2019, matan Arewa sun fito ƙarƙashin taken ArewaMeToo suna faɗin abin da aka daɗe ana rufewa, kuma da yawa daga labaran a cikin gida ko makaranta suka faru. A Satumbar 2020 jihar Kaduna ta tsananta hukunci har da dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ba a yin irin wannan doka a wurin da yadi ya gama magance matsala. Haka yake a Masar: binciken da Cibiyar Kare Haƙƙin Mata ta ƙasar ta fitar a 2008 ya nuna kashi 83 cikin 100 na matan da aka tambaya sun fuskanci tsangwama daga maza, kuma mafi yawansu masu lulluɓi ne.

Addinin da muke kafa hujja da shi ma bai bar namiji a gefe ba. A Suratun Nur, aya ta 30 da ta umarci maza su runtse ido ita ta riga aya ta 31 da ta yi magana da mata. A Suratul Ahzab, aya ta 60 mai kashedi ga masu cuta a zuciya na biye da ayar mayafi ta 59. A Hajjin Bankwana, da Fadlu ɗan Abbas ya ƙura wa wata mata ido, fuskarsa Manzon Allah (SAW) ya kama ya juya. Mace tana sutura don bin umarnin Ubangijinta, ladanta na wurinsa. Namijin da ya kai hannu kuwa laifinsa nasa ne, ko me ta saka.

To me wannan ya ɗora mana a matsayinmu na masu riƙe da alƙalami?

Na farko, mu sa wa kowane zamani tufarsa. Labarin 1900 na zane ne da kallabi, na 1965 na atamfa da gyale, na 1988 kuwa zai iya ɗaukar rigimar amaryar da ta fara zuwa Islamiyya da hijabi, uwar miji na cewa wannan wane irin sabon salo ne. Wannan kaɗai ya isa littafi.

Na biyu, mu juya alƙalami ya kalli majalisa. Mun ƙware wajen siffanta ƙirar jaruma tun daga gashi har dunduniya, ta yadda mu kanmu muke zama ɗan majalisar da ke ƙare mata kallo. Wane ne saurayin da ya yi fiton? Wa ya koya masa? Me dattijon da ke gefe ya ce, ko shiru ya yi? Me zai yi in ƙanwarsa ce ta gifta? Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana hanya tun a Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, inda ta ɗora ma'auni a kan halin namiji.

Na uku, mu tuna da wadda ke karanta mu. Cikin masu bin labaranmu a waya akwai yarinyar da abin ya faru da ita tana sanye da hijabin Islamiyya, kuma har yau ba ta gaya wa ko mahaifiyarta ba. In ta karanta a wurinmu cewa sai mai shigar banza ake taɓawa, mun ƙara kulle mata baki, mun kuma ba wanda ya cuce ta mafaka.

Aikin wannan mako: kowa ya samu tsohuwa ɗaya a gidansu ko unguwarsu, ya tambaye ta da me take fita tana budurwa, yaushe ta fara sa hijabi, wa ya ɗinka mata na farko, kuma me ake yi wa saurayin da ya tare yarinya a hanyar rafi a zamaninsu. A rubuto abin da ta ce yadda ta faɗe shi, ban da sunanta. Mako mai zuwa sai mu jera amsoshin mu ga abin da za su koya mana.

Allah ya yi mana jagora, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani.