Daga Zauren Maigida zuwa Ajin Makaranta: Tarihin Koyon Sana'a da Makomar 'Ya'yanmu a Owendo



Duk mazaunin Owendo ya saba da ƙarar jirgin ƙasa mai jigilar manganis zuwa tashar ruwa, ya kuma saba ganin ɗaliban Lycée Technique National Omar Bongo suna sammakon zuwa makaranta. Abubuwan nan biyu a haɗe suke, domin irin wannan makaranta ce ke yaye masu gyaran injin da walda da aikin lantarki, waɗanda tasha da layin dogo ke nema. Tambayar da ta kamace mu ita ce: ina matsayin 'ya'yanmu a wannan sahu?

A ƙasar Hausa ta da, sana'a ba ta da wani gini na musamman. Yaro yakan tashi a maƙerar ubansa yana zuga, ko a kai shi zauren wani maigida ya fara da shara da aike, har hannunsa ya faɗa. Hukuma kuwa tana sa ido ne ta hannun sarakunan sana'a, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Magina. Shaidar mutum ita ce aikinsa da sunan wanda ya koya masa. Da wannan tsari kakanninmu suka ratso Kamaru suka sauka a Oyem da Bitam da Minvoul, suna fatauci da fawa da ɗinki, kafin 'ya'yansu su gangaro Libreville.

Sauyi ya fara bayyana a Kano a shekarar 1909, zamanin Sarki Abbas. A wannan shekara Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni. Ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, an keɓe sashen koyon sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da kafinta. Baitulmalin hukumar gargajiya ya taimaka wajen ɗaukar nauyinta. Abin lura shi ne, wasu daga cikin sana'o'in nan Kanawa sun gaje su tun kaka da kakanni. Abin da ya zo sabo shi ne hukuma ta ba da fili, ta gina ɗaki, ta sa lokacin shiga da na fita. Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye a Kano har gobe.

A nan Gabon ma Turawan Faransa sun kafa makarantar koyon sana'a a Owendo tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Amma abin da ya ɗaukaka darajar ƙwararren ma'aikaci a garin shi ne layin dogo na Transgabonais, wanda ya tashi daga Owendo a shekarun 1970, ya isa Franceville a 1986, tafiyar fiye da kilomita 600. A da, manganis ɗin Moanda ta ƙasar Kwango yake fita, ta tashar Pointe-Noire. Bayan an gama layin sai ya juyo Owendo. Daga baya, a 2010, gwamnati ta hana fitar da gungumen katako ba tare da an sarrafa shi ba, masana'antun katako suka yawaita a yankin Nkok, aka kuma buɗe sabuwar tashar ruwa a Owendo a 2017.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ƙara buƙatar masu sana'a, amma da sharaɗin da kakanninmu ba su sani ba, wato takarda. Kamfani ba ya tambayar wane ne maigidanka, abin da yake so ya gani shi ne CAP ko wata shaidar da gwamnati ta amince da ita. Yaron da ya shekara bakwai a gareji, wanda ke gane ciwon injin da kunne kawai, yana iya tsayawa a bakin ƙofa, a ɗauki wanda bai kai shi gwaninta ba. Shi ya sa duk ranar da muka ji ofishin magajin gari ko ma'aikatar gwamnati sun amince da gina wani sabon sashe na makarantar sana'a, kada mu ɗauka labarin wasu ne. Sababbin gurabe ne aka buɗe, kuma wanda ya riga kai takardun ɗansa shi zai samu.

Wannan ba kira ba ne ga watsi da zauren maigida. A can yaro ke koyon haƙuri da amana da ladabin ciniki, abubuwan da allon aji ba ya iya rubutawa. Abin da ake so shi ne a haɗa biyun: ya je makaranta da safe, ya zauna gaban maigida da yamma ko lokacin hutu. Iyaye su tabbatar da takardar haihuwa da sakamakon firamare suna hannu, su bincika lokacin jarrabawar shiga, kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya. Limamanmu da shugabannin unguwa su riƙa sanar da jama'a bayan sallar Juma'a idan lokacin ya ƙarato.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya sa sana'arsu ta zama rufin asirinsu.