Daga sarƙa zuwa gona: ƴan kason Aljeriya a Bourail, 1864-1897

A ƙasar Maraɗi, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, al'ada ta ce wanda ya fara sarar daji shi ke da gona. Da wannan haƙƙi ne aka kafa garuruwa da yawa a farkon ƙarni na 20, lokacin da yaƙe-yaƙe suka kwanta, mutane suka fita daga gefen gulbi suka bazu cikin daji. A cikin wannan ɗan nazari muna son mu gwada wannan ƙa'ida da tarihin wani manomi daban, wato ɗan kason da Faransa ta kai Sabuwar Kaledoniya, ta ba shi gatari da ƙasar da ba tata ba.

Faransa ta kama tsibirin a 1853. Dokar 30 ga Mayu 1854 ta tsara cewa wanda aka yanke wa aikin wahala za a fid da shi daga ƙasa. In hukuncinsa bai kai shekara 8 ba, bayan ya gama sai ya ƙara zama a can daidai tsawon hukuncin. In ya kai shekara 8, ba ya komawa gida har abada. Jirgin farko ya iso a 1864, na ƙarshe a 1897. A tsakani an kai mutum sama da 20,000, cikinsu akwai kimanin 2,000 daga Arewacin Afirka, akasari ƴan Aljeriya. Kaɗan daga cikinsu ƴan tawayen Mokrani ne na 1871; mafi yawa an kama su ne da laifin kisa ko sata a zamanin da ake ƙwace gonakin ƙabilunsu.

Tunda ba komawa, dole mahukunta su san abin da za su yi da wanda ya gama aikin sarƙa. Sai suka buɗe Bourail a 1867. Ɗan kason da aka shaidi halinsa ana yanka masa ƴan hekta, a ba shi kayan aiki da abinci na wani lokaci. Shi zai sare dajin, ya gina bukka, ya shibka masara da wake, wani lokaci rake ko kofi. Amma gonar aro ce: in ya yi laifi ko ya bar ta ba noma, sai a karɓe. Ba ta zama tasa sai bayan shekaru.

Ba a kai mata daga Aljeriya ba. Saboda haka waɗansu suka auri matan kaso Faransawa da ke hannun ƴan'uwa mata na Saint-Joseph de Cluny, waɗansu ƴaƴan ƴan kaso. Larabci ya ɓace a gidaje da yawa, amma dabinon da suka dasa a kwarin Nessadiou da maƙabartar Musulmi da ke can sun riƙe sunansu. Ɗan wani daga cikinsu, Jean-Pierre Taïeb Aïfa, ya zama magajin garin Bourail a 1977.

Sai dai wannan daji yana da masu shi. Ƙasar Kanak ce aka ƙwace, kuma ƙwacen ƙasa na cikin dalilan tawayen Ataï na 1878. Waɗansu ƴan Aljeriya, cikinsu har da Boumezrag Mokrani, sun taimaki Faransa wajen murƙushe shi. Ke nan wanda aka raba da gonarsa shi aka ɗora bisa gonar wani.

A Nijar kora ta fi shafar sarakuna, kamar Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa da aka kai Côte d'Ivoire a 1906. Amma darasin Bourail ya shafe mu. Tun da dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin gargajiya, a wuri irin Agye, inda daji ya ƙare, shari'ar gona tana komawa kan tambaya guda: wa ya fara sara? Muna ganin bai kamata mai bincike ya tsaya nan ba. Ya kamata ya tambayi wa ya ba da izinin saran, da kuma wa ke kiwo ko farauta a wurin kafin gatari ya iso.