Mai Fataucin Bayi da Alherin Allah

'Yan'uwa masu sauraro, yau za mu duba tarihin John Newton, wanda aka haifa a Landan a 1725. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, ya watsar da koyarwar mahaifiyarsa, ya shiga sahun masu kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.

A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirginsu a tekun Atlantika. Cikin tsoron mutuwa Newton ya roƙi jinƙan Ubangiji. Amma ku lura, bai daina fataucin bayi nan take ba. Har kyaftin ɗin jirgin bayi ya zama, sai a 1754 ciwo ya raba shi da teku.

A 1764 aka naɗa shi fasto a garin Olney, inda ya rubuta waƙar nan Amazing Grace. Sai a 1788, shekara 40 bayan guguwar, ya buga ɗan littafi ya furta laifinsa a fili, yana goyon bayan William Wilberforce. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi.

Ayyukan nan ba su saya masa rai madawwami ba, gama Afisawa 2:8-9 ta koya mana ceto kyauta ce ta alheri. Amma alherin da ya cece shi bai ƙyale shi cikin zunubinsa ba. Kai fa, ɗan'uwa, wane zunubi kake riƙe da shi tun ranar da ka yi addu'ar tuba? Kada ka jira shekara 40. Ka kawo shi gaban Yesu yau.